Kunnuwan Gidan Pardy

"To ka faɗa da bakinka! Ka dube ni ka faɗa!"

Ban dube ta ba. Ina zaune kan kifaffen bokiti a rumfar kayan kamun kifi, ina ɗinke ragar tarkon ƙaguwa. Renita na tsaye a bakin ƙofa, iska na kaɗa mata gashi, fuskarta ta yi ja.

"Na riga na faɗa," na ce. "Ki karɓi aikin da aka ba ki can Alberta. Ki tafi."

"Auren fa?"

"Babu."

"Babu! Haka kawai? Shekara huɗu, Leander! Uwata ta riga ta kama ɗakin taron coci na Disamba, kai kuma kana zaune kan bokiti kana ce mini babu?"

"Ba zan mai da ke gwauruwa kina shekara talatin ba."

"Wa ya ce maka za ka mutu?"

Na ɗaga hannu na taɓa kunnena.

Ta yi wata irin dariya mai kama da kuka. "Kunne! Ya Ubangiji... Namiji ƙato, ya gama sakandare, yana karanta ajalinsa a kunne! Ka je a ɗebi jininka mana. Allura ɗaya ce, masoyina. Ɗaya!"

"Na san amsar."

"Ba ka san komai ba! Tsoro kake ji!"

Ban musa ba.

A garinmu kowa ya san ciwon gidan Pardy. Hanji yake kamawa. Kakana Wince ya tafi yana da arba'in da ɗaya. Baffana Ches, talatin da takwas. Babana, talatin da tara, ina ɗan shekara tara a lokacin. Na ga yadda ya koma. Na ga ledar bahaya da aka liƙa masa a gefen ciki bayan tiyata, na ga yadda yake juya baya in zai canza ta. Duka ukun suna da kunnuwa iri ɗaya, manya, a baje kamar hannun tukunya.

Saboda haka Kaka Effie, uwar babana, ta ƙirƙiri nata gwajin. Duk jaririn da aka haifa a gidan, sai an kai mata. Ta zare masa hula, ta juya kansa dama da hagu tana duba kunnuwa, ta yanke hukunci. Ko ta ce "na uwarsa ne", a yi murna. Ko ta yi shiru.

Da aka kai mata yayata Glenda, ta ce ta uwarta ce. Da aka kai ni, ta yi shiru.

Asibitin St. John's sun aiko mana da wasiƙa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, wai duk zuriyar mu zo a duba mu. Tafiyar awa bakwai ce a mota, kuma kusan kullum a lokacin ƙaguwa wasiƙar ke faɗowa, lokacin da duk mai hannu biyu yake kan ruwa ko a masana'antar sarrafa ƙaguwa. Mama ta rasu da wuri, Kaka ce mai magana. Ta ce Glenda ba ta da buƙata. Ni kuma da tawa ta zo ina shekara goma sha shida, murhu na jefa ta. Me za su gaya mini?

"Ƙarshen Yuli za a fara aikin," in ji Renita. Muryarta ta sauka. "In ka bar ni na hau jirgin nan, Lee, ba zan dawo ba. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta cire zoben, ta dube shi, na ɗauka za ta jefe ni da shi. Sai ta mayar da shi yatsanta.

"Nawa ne. In kana so, ka zo ka cire da kanka."

Ta bugo ƙofar har tarkuna suka zubo.

Washegari muka fita teku.

Ina son teku don ba a magana. Ka ja tarko, ka zazzage, ka ware manya da ƙanana, ka sa sabon abincin tarko, ka jefa. Hannunka ya mutu da sanyi, kanka ma ya mutu. Mako biyar na yi haka, muna shiga muna fita. Ban kira ta ba. Ita ma ba ta kira ba.

Ranar wata Alhamis a watan Mayu muka shigo da hantsi, na hango ta tsaye a bakin tashar jiragen ruwa da kayan aikinta na gidan kula da tsofaffi. Na ɗauka sallama ta zo yi.

"Glenda ce," ta ce tun ban gama ɗaure igiya ba. "Ta faɗi a masana'anta jiya. An wuce da ita St. John's."

"Faɗuwa? Santsi?"

"Jini, Lee."

"Wane jini?"

"Shekara guda ke nan tana ganin jini in ta shiga bayi. Ta ɗauka basir ne. Ba ta gaya wa kowa ba."

"Ai Glenda ba ta..." Na tsaya.

"Shiga mota," ta ce. "Ni zan tuƙa. Kana warin kifi, amma shiga."

Awa bakwai. A wani gidan mai ta sayo mini shayi da burodi, ta ajiye mini a cinya. Na riƙa maimaitawa a raina: kuskure ne. Glenda ta uwarta ce. Kowa ya sani.

Glenda ce ta rene ni. Ta girme ni da shekara bakwai. Ita ta koya mini ɗaure takalmi, ita ta mari yaron da ya kira ni mai kunnen jaki a makaranta, sannan muka dawo gida ta kira ni da sunan da kanta. Mijinta ya tafi Ontario neman aiki shekara biyar da suka wuce, ya samu aikin, ya kuma samu wata mace. Ya bar ta da 'yan mata biyu, Tessa da Marin.

Na same ta a gado ta yi fari kamar takarda, robar ƙarin ruwa a hannu.

"Ga mai kunnen jaki," ta ce. "Ko wanka ba ka yi ba?"

"Me suka ce?"

"Sun zura mini kyamara ta inda ba a faɗa. Wai cikina kamar gonar dankali." Ta yi murmushi. "Je ka ga likitar. Ni na gaji da ji."

Likitar wata mace ce doguwa mai furfura. Ta kai mu wani ɗan ɗaki, ni da Renita, ta rufe ƙofa.

"Yayarka ta ce in gaya maka komai," ta ce. "Akwai tsiro a babban hanjinta, ɗaruruwa. Ɗaya daga cikinsu ya zama ciwon daji. Kuma ya kai hanta."

"Ba zai yiwu ba."

"Me ya sa?"

"Ba ta da shi. Ni ke da shi."

"An gwada ka?"

"A'a."

"To ta yaya ka sani?"

Renita ce ta faɗa. "Kunnensa, likita. A gidansu da kunne ake ganewa."

Likitar ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi. Ta dube ni kawai, ta jawo takarda ta zana layi biyu.

"A jikin kowa akwai ƙwayoyin gado da aikinsu tsaro ne kawai. Su ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa ba ƙa'ida. Mai tsaron hanji, kowa yana da guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ta lalace, ɗayar na riƙe."

"Kamar jirgi mai igiya biyu," na ce.

"Haka. A gidanku, wasu ana haifarsu ɗaya ta riga ta tsinke. Saura ɗaya. Hanji kuwa ƙwayoyinsa ba su ƙirguwa, kullum suna sabuntawa. Nan ta tsinke, can ta tsinke. Duk inda ta tsinke, tsiro ya fito."

"Tsiron ne ciwon?"

"A'a. Shekaru yake ɗauka kafin ya zama. Akwai wasu masu tsaron a baya. Wata aikinta shi ne ta sa ƙwayar da ta lalace ta mutu. Wata tana taimakawa a hana ta barin wurinta. In suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, sai ciwon ya huda bangon hanji ya shiga jini. Jinin hanji kuwa hanta yake fara zuwa."

"Da an duba ta da wuri fa?"

Ta ɗan jinkirta. "Yara muke fara dubawa, tun suna goma sha biyu ko ƙasa. Da mun cire hanjin kafin ya zama wani abu."

"Kunnen..."

"Ba ruwansa da kamanni. Kowane ɗa rabi da rabi ne. Kamar a jefa kwabo sama."

Ɗakin ya yi mini ƙanƙanta. Na tambaye ta kwana nawa ya rage wa Glenda, ban san lokacin da ya fita daga bakina ba. Ta ce za su yi iya yinsu da magani. Ta ce wasu suna kai shekara. Ta ce ciwon ya ci hantar da yawa, ba za ta yi mini alkawarin shekara ba.

Renita ta kama hannuna. Na bar mata.

Da muka koma, Glenda ta dube ni ta gane.

"Za ka ba su jininka yau," ta ce.

"Glenda..."

"Kada ka yi mini Glenda! Na wanke maka kashi, Leander Pardy. Za ka nannaɗe hannun rigar nan yanzu, ko in tashi da robar nan in ja ka da kunnen!"

Na nannaɗe. Allura ɗaya ce, kamar yadda Renita ta ce.

Ni na gaya wa Kaka. Tana kicin tana fere dankali. Shekararta tamanin da huɗu, ta binne miji da 'ya'ya biyu ba a ga hawayenta a waje ba. Na faɗa mata yadda likita ta faɗa, igiyoyin da komai.

"Ƙarya suke," ta ce. "Na duba yarinyar nan da idona. Kunnen uwarta ne, ƙanana, a kwance."

"Ba ya bin kunne, Kaka."

"Ya bi na Wince. Ya bi na Ches. Ya bi na ubanka."

"Dacewa ce kawai."

Wuƙar ta tsaya. Ta daɗe tana kallon dankalin.

"Wasiƙarta ta zo tana goma sha huɗu," ta ce a hankali. "Ta ce mini, Kaka in je? Na ce ina za ki, ga aiki? Ke ai kin tsira..."

Ta ajiye wuƙar. Daga ranar ta daina magana sai dole.

Aka sallamo Glenda, ana kai ta ƙarin magani duk bayan mako biyu. Na bar jirgi, na koma gidanta da zama. Ni ke dafa abinci, yaran suna ci don tausayi. Renita na zuwa bayan ta tashi aiki, ta yi wa Glenda wanka, ta gyara wa Marin gashi. Da ni kuwa, "miƙo tawul" da "ruwan ya tafasa?" kawai. Zoben na yatsanta. Akwatunanta kuma, na ji, suna ɗaure a gidansu.

A makon farko na Yuli aka kira ni daga asibiti. Ina tsakar gida ina faskaren itace.

"Leander Pardy?"

"Ni ne."

"Sakamakonka ya fito. Ba ka da shi."

"Me?"

"Ba ka gaji lalatacciyar ba. Duka biyun naka lafiya suke. 'Ya'yanka ma ba za su same shi daga gare ka ba."

"Ku sake dubawa."

"Mun duba sau biyu."

"Kun haɗa da na wani."

"Naka ne. Ina taya ka murna."

Na ajiye wayar kan kututture. Na ɗauki gatari na ci gaba da faskare. Na faskara har itacen ya ƙare, na koma kan waɗanda na riga na faskara.

Ban san me ake ji ba. Murna? Da wa zan yi ta? Tun ina yaro na lissafa wa kaina shekara arba'in, na tsara komai a kai. Ban je makarantar koyon injin jirgi ba, don me zan ɓata shekara uku daga cikin kaɗan? Ban gina gida a filin da babana ya bar mini ba. Na kori macen da nake so. Duk a kan abin da babu shi. Wadda aka ce ta tsira kuwa tana ciki tana amai a bokiti.

A haka Renita ta same ni.

"Me ya faru? Lee, hannunka na jini!"

"Sun kira."

Ta dafe ƙirji. "To?"

"Ba ni da shi."

Ta yi ƙara, ta rungume ni da gatarin da komai. Tana kuka tana dariya tana dukan kafaɗata. "Wawa! Wawan banza! Ban gaya maka ba? Masoyina... masoyina!"

Na tsaya kamar gungume.

Ta ja baya. "Me kuma?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba? An ce maka za ka rayu!"

"Ban iya ba, Renita."

"Ba ka iya me ba?"

"Ban taɓa ganin kaina da furfura ba. Ko sau ɗaya. Ban san yadda ake yi ba." Na zauna kan kututturen. "Ni ya kamata ya kama. Ni na shirya. Ita ba ta shirya ba."

"Ba kai ka raba ba."

"Kuma ga yaran. Su ma rabi da rabi ne. In Glenda ta... ni ne zan riƙe su. Ba inda zan iya zuwa. Ke kuma kina da aikinki a Alberta."

"Au, sabon dalili ka samo?" Idanunta suka kaɗa. "Da kunne ne, yanzu yara! Ka faɗa mini gaskiya, Leander, ciwon kake gudu ko ni?"

"Ba ke ba."

"To me?"

"Ban sani ba!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Muka tsaya muna kallon juna. Sai tagar kicin ta buɗe.

"Ku biyun nan!" Muryar Glenda ce, a shaƙe. "Duk unguwa ta ji ku. Ku shigo, ba ni da ƙarfin ihu."

Tana zaune a kujerar kusa da murhu, lulluɓe da bargo duk da zafin Yuli, ɗankwali a kanta inda gashi ya zube. Kaka na gefe da kofin shayin da ya huce. Yaran suna gidan maƙwabta.

"Gaskiya ne?" in ji Glenda. "Ba ka da shi?"

"Haka suka ce."

Ta rufe ido. Hawaye ya zubo mata. "Na gode wa Allah," ta ce. "Ɗaya dai ya fita."

"Glenda, ki yafe..."

"In ka ba ni haƙuri zan jefe ka da butar nan. Zo nan."

Na durƙusa gabanta. Ta kama fuskata da hannayenta biyu, sun yi sanyi, sun rame.

"Shekara ashirin da huɗu ina kallonka kana tafiya kamar gawa," ta ce. "Kullum in na dube ka sai in ji kunya, ni na tsira kai ba ka tsira ba. Na san abin da kake ji yanzu. Na ɗauke shi kafin kai. Ba ya amfanar kowa, Lee. Ajiye shi."

Na kifa kaina a gwiwarta. Ban yi kuka ba tun ranar jana'izar babana. Ranar na yi.

"Ke kuma," ta ce da Renita, "akwatunan nan naki fa?"

"Na kwance su tun makon jiya."

Na ɗago kai.

"Na kira su na ce ba zan zo ba," in ji Renita, ba ta dube ni ba. "Ba don shi ba. Kada ya ji daɗi. Wa zai yi wa Marin gashi? Shi?"

"Tun kafin sakamakon?" na ce.

"Tun kafin sakamakon, sakarai. Da leda ko babu leda. Sau nawa zan faɗa maka?"

Na miƙa hannu. Ta dube shi, da jinin da komai, ta ja tsaki, ta kama.

"Tambaye ta mana!" in ji Glenda. "Ko shi ma ni zan yi maka?"

"Za ki... har yanzu?"

"Har yanzu," in ji Renita.

Kaka ta ajiye kofinta. Ta miƙa hannu ta gyara wa Glenda bargo a ƙafa. Glenda ta dafa hannun nata ta riƙe.

"To," in ji Glenda, tana share fuska. "Ni zan yi kek ɗin, kada kowa ya taɓa mini. Tessa da Marin su riƙe furanni. An kuma ce wata mai zuwa za a ɗebi jininsu, kai za ka kai su, ko da ƙaguwa na faɗowa daga sama. Ka ji?"

"Na ji."

"Yaushe ne ranar?"

"Sha tara ga Disamba," in ji Renita. "Mama ba ta saki ɗakin taron ba. Lokacin Baba da yayyena za su dawo hutu daga..."

Ta tsaya.

Glenda ta fito da hannu daga bargo tana ƙirgawa da yatsu. Agusta. Satumba. Oktoba. Leɓenta na motsi. Ta kai na biyar, ta tsaya tana kallon yatsan.

Butar shayi ta fara kuka a kan murhu. Ba wanda ya tashi.

"Lee," ta ce a hankali. "Kai ka zauna da likitar nan. Ni ban tambaye ta ba, ban iya ba." Ta dube ni, ta dubi Renita, ta dubi Kaka, ta dawo kaina. "Zan kai Disamba?"